Ranar da Manaja ya yi magana da baya

Har yau ban manta da ranar da gidan rediyonmu na nan Gombe ya watsa shiri daga ƙarshe zuwa farko ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina mataimakin furodusa, wato mai haɗa shiri ya miƙa wa masu na'ura.

Ku da kuka tarar da kwamfuta sai na yi muku bayani. A lokacin, muna ɗaukar murya ne a kan zare da ke naɗe a faifai. Dokar ɗakin ajiyarmu ita ce, idan an gama ɗauka ba a mayar da zaren farko, ana ajiye shi yadda ya ƙare, don sautin ya fi daɗewa bai lalace ba. Wanda zai watsa shi ne zai fara mayarwa. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya tuna ya gaya wa Bulus.

Bulus sabon ma'aikacin na'ura ne daga Kaltungo, yana zaman gwaji, kuma a makon ne Manaja zai sa hannu a tabbatar da shi ko a sallame shi. Manajanmu kuwa, Alhaji Sale, mutum ne mai son tarihin ƙere-ƙere. Shi da kansa ya rubuta shiri a kan injin tururi da ya riƙa zuƙe ruwa daga ramukan kwal, da injin saƙa, da wayar tangaraho, ya kuma karanta da muryarsa.

Da la'asar mai gabatarwa ya sanar da shirin ya fita salla. Bulus ya ɗora faifai ya kunna. Ma'aikacin na'ura allurar mita mai auna ƙarfin sauti yake kallo, ita kuwa allura tana rawa daidai.

Ina ɗakin labarai wayar tarho ta fara ƙara. Wani ɗan kasuwa daga babbar kasuwa ya ce, "Malam, yaushe kuka ba harshen Tera fili ba ku sanar ba?" Ina ajiyewa wata malamar makaranta ta bugo, ta ce ita Batera ce, wannan ba Tera ba ne, harshen Waja ne, kuma ai su ma suna da haƙƙi. Wani dattijo daga unguwar Kagarawal ya rantse Barbarci ne, na can wajen tafki. Na ruga ɗakin na'ura.

"Bulus, me kake watsawa?"

"Abin da kuka ba ni, oga. Na ɗauka Fulatanci ne mai zurfi."

Kafin mu tsayar da faifan shirin ya kusa kaiwa ga sallamar farko. Sai ga wayar Manaja daga gidansa na GRA, unguwar manya.

"Wa ya ba da izinin sa wannan harshen a lokacin shirina? Kuma ina kuka samo wannan mai karatun? Murya kamar akuya ta haɗiyi leda! Ko wane yare ne, bai iya shi ba. Gobe ina son ganinsa a ofishina."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Washegari muka shiga da Bulus, da faifan, da babban injiniya. Takardar sallama tana kan tebur. Manaja ya ce, "Ina mai karatun?" Injiniya ya nufi na'ura. Ya kunna faifan yadda aka watsa shi, Manaja yana yamutsa fuska. Sannan injiniya ya juya shi ya sake kunnawa. Akuyar ta yi gyaran murya ta ce, "Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum."

Ba wanda ya kalli wani. Ka'idar aiki ta ce kafin a sallami ma'aikaci sai an rubuta wa hukumar gudanarwa rahoton duk abin da ya faru, har da koken da aka samu ta waya, kalma da kalma. Ni ne na ɗauki wayar, ni zan rubuta. Manaja ya dube ni ya ce, "Duka za ka rubuta?"

"Ka'ida ce, ranka ya daɗe."

Ya jawo takardar ya sa a aljihun tebur. "Bulus, an tabbatar da kai. Daga yau ka riƙa saurare."

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta san gaba da baya ba, inda ka ɗora ta nan take bi. Mutanenmu kuma, duk maganar da ba su gane ba, ba sa zargin inji. Maƙwabci suke zargi, wai shi aka fi ba fili.