Motar Kyauta Zuwa Gidan Caca

An kore ni daga aiki saboda na mayar da wani tsoho gida kafin lokaci.

Direban bas ne ni a lokacin. Wani gidan caca nake wa aiki, ina kwaso masa tsofaffi da hantsi daga dogayen benayen Alexandria. Motar kyauta ce. In sun sauka kuma a miƙa wa kowa katin fara wasa da tikitin abinci. Sharaɗin ɗaya ne, mota ba ta komawa sai bayan la'asar.

Ban yi boko ba, amma na gane dabarar. Zamanka suke saye. Ciki babu taga, babu agogo. Na'urar caca ta ba ka kaɗan, ta karɓe da yawa. Muddin ka daɗe a kujera, gidan ne ke ci.

Cikin fasinjojina akwai wani dattijo Bahaushen Gana, tsohon direban tasi. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa sun ɗauka wajen motsa jiki yake zuwa.

"Direba, yau zan ci su."

"Baba, jiya ma haka kuka ce."

"Kai dai ja mota. Ba limanci aka ɗauke ka ba."

Wata rana da azahar ya same ni a wajen ajiye motoci, gumi sharkaf. Ya manto maganin sukarinsa a gida.

"Ɗana, kai ni gida."

"Baba, bari a kira motar asibiti."

"Su gaya wa 'ya'yana inda aka tsince ni? Gara in mutu a titi."

Na kai shi. Ni da shi kaɗai a wannan ƙatuwar mota. Na hau da shi bene, ya sha maganin, na zauna har ya dawo hayyacinsa.

Da na koma, shugabana na tsaye yana jira. Bai ɗaga murya ba. Ya ce motar ta kawo mutane ce, ba tawa ba ce, kuma gidan na da masu kula da marasa lafiya. Ya karɓi makulli.

Wanda ya gaje ni ya ce Baba bai fasa zuwa ba. Sai dai yanzu da maganin a aljihu yake tafiya.

Ni yanzu ina garin Germantown, ina raba kwalayen kaya gida-gida. Gwiwa ta fara ciwo. Kwali dai ba ya roƙona komai.