Fannami Mai Musu

Fannami manomin tattasai ne a bakin Komadugu, kuma kowa da musu ya san shi. In ka ce ruwan kogi zai iso da wuri bana, sai ya tambaye ka wa ya aiko maka da labari. In maigari ya sa taro bayan La'asar, sai ya ce laifin me Azahar ta yi. Mutanen ƙauyenmu sun ɗauka taurin kai ne. Shi kuwa cewa yake in jama'a suka yarda da magana nan take, to ba su saurare ta ba.

Ni Bafillace ne, shi Babarbare, don haka tsokana tsakaninmu gado ce. Gonakinmu na maƙwabtaka. Wata shekara na shanya tattasaina bai gama nuna ba, ya zo ya tsaya a kai.

"Hamani, koma wajen shanunka. Wannan ko akuya ba ta so."

"Akuyar Barebari ce ba ta san daɗi ba."

Muka yi ta yi har rana ta faɗi, kuma kwano ɗaya muka ci tuwo. Da na je kasuwa, sai maganarsa ta fito.

Sai masu bindiga suka shigo ƙauyen. Suka ce wa ƙaninsa Gana ya ba su injin ban ruwa. Gana ya ce a'a, ba nasa ba ne shi kaɗai. Fannami ne ya ɗauko gawarsa daga gona. Muka watse, muka kafa bukkoki a Gagamari, bakin kwalta.

Tun daga nan, duk abin da ka ce masa sai "To." Mutane suka ce madalla, tsufa ya kawo hankali. Ni na san abokina ne ke zamewa daga hannuna, kuma na ƙudura sai na ji musunsa. Na ce masa tattasai ba ya son ruwa. "To." Na ce a wurin Fulani Barebari suka koyi noma. Ya dubi ƙasa ya ce, "Haka ne." Ranar bayan bukka na zagaya na yi kuka.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, muka kai shi likita a Diffa. Ya rame har ba na son dubansa. Na riƙe hannunsa, wannan karon ba da tsokana ba, na ce, "Za ka tashi, ɗan'uwa. Bana tare za mu koma gona."

Ya buɗe ido ya kafe ni da su.

"Bafillace, ƙarya kake."

Na ce ba ƙarya ba ce. Ya ce ƙarya ce, kuma na sani. Muka yi ta ja, ina dariya hawaye na zuba, har matarsa Kellu ta ce mu ji tsoron Allah, akwai marasa lafiya.

Ranar Juma'a muka kai shi makwancinsa. Shi ne da gaskiya. Allah ya jiƙansa.