Yusha'u Mai Huɗa da Jakunansa

Duk wanda ya taɓa noma a yankin Babban Duhu ya san Yusha'u Mai Huɗa. Tun yana saurayi babansa ya miƙa masa igiyar bijimai, kuma daga ranar bai san wata sana'a ba sai horon shanu da bin bayan garma. A kawo masa ɗan bijimi mai taurin kai, wanda ya gagari masu shi, kafin damina ta faɗi sai ka gan shi yana bin kunya a natse kamar mai zuwa masallaci. Yusha'u ba ya duka. Magana yake yi musu ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa suruki.

Shekarar da ɓarayin daji suka zagayo ta gefensu, da rana tsaka suka kora shanun ƙauyen gaba ɗaya, har da bijimansa biyu. Bayan nan ba wanda ya sake yarda ya ɗaure bijimi a gida, don ɗaure shi ya zama kamar aika wa mutanen daji goron gayyata. Daminar da ta biyo baya da garmar hannu aka yi ta. Yusha'u ga gwiwa ta fara ciwo, rabin gona kawai ya iya huɗawa, hatsi kuwa ya ƙare tun kafin bazara.

Babban ɗansa Nu'uman, mai tuƙa keken haya a Katsina, shi ya kawo maganar. Ya samo wa uban aikin gadi a wani shagon siminti.

"Baba, in bana ma gonar ba ta huɗu ba, ku tattaro ku taho. Mai shagon ya ce zai jira ka har shuka ta wuce."

Yusha'u ya ce, "To, na ji." Ya kuwa yi alkawari. Amma tun daga ranar, in ya tuna kansa zaune kan benci yana gadin buhunan wani, sai ya ture kwanon tuwo ya tashi.

Shi Nu'uman ɗin ne ya aiko wa uwarsa Zuwairatu babbar waya, irin ta shafawa. A da, in ana son kallo sai an kai waya kasuwar Safana a tura wa mutum fim. Yanzu wannan ya wuce. Ka sa data, ka taɓa, shiri mai dogon zango ya zo maka ranar da ya fito. Mata a bakin rijiya suna zancen mutanen cikin shirin kamar danginsu, wannan ta ce wance ta cuci mijinta, waccan ta ce shi ya ja wa kansa. A gidan Yusha'u wuri ɗaya sabis ke kamawa, gindin rumbu, nan Zuwairatu ke jingine wayar da turmi tana tsince wake tana kallo.

"Mutane sun bar duban sama su ga hadari, sun koma duban tafin hannu," in ji Yusha'u duk lokacin da ya wuce ta.

"Malam, kai dai wuce, kana tare min sabis."

Jakuna biyu ne suka rage masa, na kai taki da ɗebo ruwa, waɗanda ɓarayin ba su ko waiwaya ba. Wata safiya, da iska ta fara ƙanshin ruwa, ya kakkaɓe tsohuwar karkiyar shanunsa, ya kora jakunan gona, ya ɗora musu ita a wuya yadda ya saba, ya ɗaura garma. Ya yi musu magana mai daɗi. Suka ja kaɗan, sai ɗaya ya fara tari, ya durƙusa. Ɗayan ya dube shi, shi ma ya zauna.

Daidai nan Ɗanjummai ya biyo ta kan mashin. Taubashinsa ne, maƙeri kuma mai walda a Safana, mutumin da bai taɓa ganin abin dariya ya wuce ba.

"Kai, bawana! Mi nike gani haka? Sallah kake koya musu?"

"Wuce ka ba ni wuri, ɗan wuta."

"Wallahi sai na faɗa a kasuwa. Sarkin huɗa ya koma limamin jakai!"

Ya kuwa faɗa. Yusha'u bai daddara ba. Ya naɗe karkiyar da tsumma, ya gwada. Ya rage mata nauyi, ya sake gwadawa. Wuyan jakunan ya saɓule, suka fara gudu in sun hango shi da itacen. Ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka fita da garmar hannu, shi yana zaune a zaure ya rasa ta inda zai kama.

Zuwairatu ba ta iya rubutun boko ba, amma ta san wayar tana jin magana. Ta tsaya gindin rumbu ta danna, ta ce da ƙarfi, "Jaki shina noma." Wayar ta kawo mata jaki yana harbin wani mutum, ta kawo wani jakin an sa masa hula. Ta yi tsaki, ta sake faɗa, ta yi ta shafawa har ta kai ga wata tsohuwa a wata ƙasa mai jar ƙasa, tana bin bayan jaki, garma na tsaga gona kamar wuƙa a cikin kabewa.

Ta kai masa fura, ta ajiye wayar kusa da ƙwaryar.

"Ɗauke min wannan abin."

"Ba fim ba ne. Wata tsohuwa ce ta fi ka iya huɗa."

Wannan ce ta sa ya duba. Sabis ya ɗauke, hoton ya tsaya yana juyawa. Sai ga Yusha'u da kansa, mutumin da ke zagin waya, ya tashi ya bi matarsa gindin rumbu ya tsuguna. Tsohuwar tana ta bayani da wani yare da bai ji ko kalma ɗaya ba. Bai damu ba, ba bakinta yake kallo ba.

"Tsaya! Maida shi baya. A'a, baya kaɗan. Tsayar da shi nan."

Ya kawo fuskarsa dab da gilashin. Babu karkiya a wuyan jakin. Wata faffaɗar ɗamara ce ta zagayo ƙirjinsa, igiya biyu suka fito ta gefe da gefe zuwa garma, ga ɗan akumari a baya yana riƙe da su kada su zame.

Yusha'u ya dafe kai. "Inna lillahi! Sa da tozo shike ja. Jaki ba shi da tozo, Zuwai! Da ƙirji shike ja. Ni ina ta shaƙe bayin Allah."

"Ka ga amfanin duban tafin hannu?"

"Ke dai sake sa min."

Ranar Zuwairatu ba ta ga shirinta ba, datar duk a kan tsohuwa ta ƙare.

Washegari ya ɗaura garmar a bayan ɗan acaɓa sai Safana, rumfar Ɗanjummai.

"Liman ya iso! Ina mamu?"

"Rufe min baki ka ɗauko guduma. Wannan garmar ta shanu ce, ta yi musu nauyi. Ka rage mata fukafukai, ka ƙanƙance bakin. Sannan ka samo min tsohuwar tayar mashin."

Ɗanjummai ya nemo bidiyon tsohuwar mai jaki a tasa wayar, ya kalla sau ɗaya yana dariya, ya sake kalla bai yi dariya ba. Suka yanka taya suka buɗe ta, suka naɗe ta da buhu da tsumman zane don kada ta ci fata, suka huda gefe suka sa zobba. Abin da tsohuwar ba ta nuna ba, yadda za a haɗa jaki biyu su ja garma ɗaya, wannan Yusha'u ne ya fitar da shi da kansa: sanda a bayansu, kowane jaki da tasa igiyar, garma a tsakiya.

Ruwa na biyu ya sauka da asuba, mai yawa, ƙasa ta jiƙa sosai. Da gari ya waye Yusha'u ya kora jakunan gona. Labari ya riga ya zaga, mutane sun jeru a bakin gona, wasu sun zo ne musamman don su yi dariya. Ya ɗaura musu ɗamarar a hankali, ya shafa wuyansu inda ya saɓule, ya sunkuya kusa da kunnuwansu.

"Ku yi haƙuri, laifina ne. Yau ba mai shaƙe ku. Bismillah, mu je."

Suka ɗaga kunne. Suka ja. Bakin garma ya nutse, baƙar ƙasa ta kife hagu da dama, kunya ta miƙe a bayansu. Ba su yi saurin shanu ba, kunyar ma ba ta kai ta shanu tudu ba, amma ba su tsaya ba har ƙarshen gona. Ya juya su suka dawo. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Esther maƙwabciyarsu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona da yara, ta ratso cikin taɓo ba ko takalmi.

"Baba Yusha'u, in ka gama taka, tawa ce ta biyu. Na riga kowa faɗa, ku shaida!"

Ɗanjummai kuwa yana biye da shi da waya a sama, yana ɗauka. "Yi bayani, bawana, duniya na kallonka."

"Wace duniya? Matsa kar su take ka."

Amma ya yi bayanin, da Hausarsa ta gida, yana tafe yana nuna inda ɗamara ke zama da inda ba a so ta taɓa. Abu ɗaya ya hana: kada a faɗi sunan ƙauyen, kada a nuna hanya, saboda mutanen daji. Ɗanjummai ya ɗora a Yutub da yamma. Kafin mako ya zagayo, mutanen Ruma sun zo rumfarsa da tsofaffin tayoyi, wani daga Batsari ya kawo garma a rage masa, wasu ma daga Zamfara suke kira suna tambayar faɗin ɗamarar. Yusha'u ya gama gonarsa, ya yi ta Esther, ya shiga ta masu jiran layi. Da hantsi yake sallamar jakunan su huta, ko wa ke roƙo.

Bai kira Nu'uman ba, yana ta juya yadda zai faɗa masa. Sai ga wayar Zuwairatu ta yi ƙara ana cikin shukar gyaɗa. Ta kawo masa har gona.

"Baba! Kai ne wannan? Muna zaune a tasha wani ya ce ku zo ku ga tsoho mai huɗa da jakai. Na ce wallahi babana ne, suka ce ƙarya nike!"

"To ka ce musu su zo su gani."

"Gonar ta huɗu ke nan?"

"Ta huɗu har an shuka. Geron ma ya fara tsira."

Nu'uman ya fashe da dariya. "To mai shagon siminti fa, mi zan ce mashi?"

"Ka yi mashi godiya, ka ce Allah ya saka da alheri, ya ba wani. Kai kuma in za ka zo, ka biya wajen masu faci ka tattaro min tayoyin mashin, duk wadda suka yar. Mutum goma sha ke jira."

"Baba, fasinja zan ɗauka ko taya?"

"Taya," in ji Yusha'u. Ya miƙa wa Zuwairatu wayar, ya koma kan kunyarsa.