Dogo Mai Faci, Mai "Ga Ni Nan" na Hanyar Kara

Kafin mahauta su rataye naman farko, Malam Habibullah Dogo ya riga ya buɗe rumfarsa ta faci da ke hanyar kara, kasuwar dabbobi ta Maigatari. Amma ba injin iska yake fara tayarwa ba. Waya yake fara zarowa, ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya ya duba: tana gida, ko ta tsallaka? Don wayar Maigatari ba ta da amana. Kana zaune a rumfarka sai ta kama sabis ɗin Nijar, ko sallama babu. In ta tsallaka kuwa, kiran da Dogo yake jira ba zai shigo ba. Sai ya dawo da ita gida, ya ƙure mata ƙara, ya jefa ta aljihun gaba, sannan ya yi bismilla ya jawo tayar farko.

Shekara ashirin da shida ke nan yana aikin agaji, ba albashi, ba ofis. Da can, in mota ta kife ko wani ya yanke jiki ya faɗi, sai an turo mutum a guje ya nemo shi, kuma sau nawa ya isa ya tarar an riga an lulluɓe mutum da mayafi. Shekara uku da suka wuce ƙungiyarsu ta agaji ta kawo wata manhaja ta waya. Duk wanda ya ga haɗari ya danna, nan take wayar kowane ɗan agaji mai horo da ke kusa ta ɗau kuwwa, ta nuna masa wurin. Wanda zai je sai ya danna inda aka rubuta "Ga ni nan."

Samarin ƙungiya har da riƙe ciki don dariya, wai ina Baba Dogo mai yatsu kamar ƙarfen cire taya, ina waya mai shafawa? Wata guda ya yi yana shafa, yana kuskure, yana sakewa. Yau ka tambayi kowa tun daga tasha har bakin iyaka, da wannan sunan aka fi saninsa: Baba Ga-ni-nan.

Ranar da kasuwa ba za ta manta ba, wata Alhamis ce da hantsi, ana tsakiyar lodin shanu. Ɗantala, ɗan lodi mai 'ya'ya huɗu, yana tura wani jan bijimi cikin tirela, sai bijimin ya juyo ya soka masa ƙaho a cinya, ya watsar da shi gefe. Rahama mai tuwo, wadda rumfarta ke kallon wurin, ta ce ba zuba jinin yake yi ba, tsartuwa yake. Ita ta danna wayarta, hannunta duk miya.

Dogo na tsugune ya tsoma robar taya a baho yana neman huji, aljihunsa ya ɗau kuwwa. Ya danna da jiƙaƙƙen yatsa, ya suri jaka, ya bar mai babur tsaye da babur ba taya.

Ya tarar an yi wa Ɗantala zobe. Wannan ya kawo ruwan sha, wancan na ƙwala wa ɗan acaba kira a ɗora shi a yi asibitin Gumel. Shi kuwa Mannir, direban tirelar, ya durƙusa da gwangwanin man birki, har ya fara tsiyayawa a ciwon.

"Mannir! Ka ƙara ɗiga man nan, wallahi sai na ɗura maka sauran."

"Haba Baba Dogo, man birki ne fa! Tun muna karen mota shi muke zubawa. Yana tsayar da jini."

"Tirela yake tsayarwa. Wannan mutum ne. Matsa!"

Ya ture kofin ruwan, ya sallami ɗan acaba da ido kawai, ya cusa ƙyalle mai tsabta a ciwon ya danne da duk nauyinsa. Ƙyallen ya jiƙe. Ya ƙara wani, shi ma ya jiƙe. Leɓen Ɗantala ya fara yin fari. Dogo ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan wani bafatake ɗan Damagaram.

"Alhaji, ara mini rawaninka."

"Malam, sabo ne fa, yau na naɗa shi."

"Ai mai tsabtar nake nema. Miƙo."

Ya ninke rawanin da faɗi, ya ɗaure cinyar daga saman ciwon, ya zaro sifana daga aljihu ya soka a ƙullin, ya shiga murɗawa. Ɗantala ya kurma ihun da sai da raƙuman kara suka waigo.

"Wayyo Baba Dogo, za ka kashe ni!"

"Ci gaba da ihun, ɗana. Shi nake so in ji."

Murɗa ɗaya, biyu, uku. Tsartuwar ta ragu, ta koma ɗiga, ta tsaya. Kasuwa ta ɗau kabbara.

Amma Dogo bai gama ba. A horo an ja musu kunne: in ka ɗaure, rubuta lokaci a jikin mutum, don da shi likita zai san me zai yi da ƙafar. Ya laluba, ba biro. Sai ga dillali tsaye da shuɗin fentin da ake shafa wa bijimi alamar an saye shi. Dogo ya tsoma yatsa, ya dubi waya, ya rubuta ɓaro-ɓaro a ƙirjin Ɗantala: sha ɗaya da kwata.

"Shi ke nan," in ji wani daga baya, "an sayar da Ɗantala!"

Ɗantala ya buɗe ido da ƙyar. "Wa ya saya?"

"Asibitin Gumel," in ji Dogo. "Ku kama mini shi a kwance."

Manhajar ta riga ta turo motar agaji da ke kusa, ta kuma sanar da asibiti. A hanya Mannir, da ya biyo su, ya yi ta roƙo a ɗan sassauta ɗaurin, wai tausayi. Dogo bai saki sifanar nan ba har ƙofar asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga rigar Ɗantala, ta karanta shuɗin rubutun, ba ta ɓata lokaci da tambaya ba, aka wuce da shi ciki. Bayan mako uku ya fito, da ƙafafunsa biyu.

Baba Dogo, kai ne ka tsaya tsakanin mutumin nan da makara da sifana ɗaya da rawanin aro. Kai ne ka riƙa bin kasuwar Gagarawa da ta Sule Tankarkar a kan tsohon babur ɗinka, kana tara direbobi da mahauta kana nuna musu yadda ake danne ciwo, suna yi maka tsiya kana maimaitawa. Ba ka taɓa cewa kai likita ne ba. Cewa kake, "Nawa in toshe huji ne, har a kai wurin masu gyara." Dogo, mai saurin tashi, mai nauyin hannu a kan ciwo.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gardama da ƙananan rubutu. Watan jiya ya miƙa jakarsa ga ƙungiya, ya ce ya huta. Matarsa Amarya ta ce hutun baki ne, don har yau ba a isa a taɓa cajar wayar nan ba.

Ta kuwa yi gaskiya. Alhamis ɗin da ta wuce, yana shan shayi a rumfa, aljihu ya ɗau kuwwa: babur ya kaɗe wata dattijuwa a bakin tasha. Ya miƙe zumbur, gwiwa ta yi ƙara, ya zura takalmi ɗaya, ya kai yatsa zai danna. Sai ya ga an riga shi. Ya matso da wayar daf da ido ya karanta sunan. Ɗantala ne, wanda ya gama horo watanni biyar da suka wuce, wanda duk kara yanzu ke kira Sha-ɗaya-da-kwata.

Dogo ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya cire takalmin, ya zauna, ya ɗauki kofinsa. Abin da kawai ya ce shi ne, "Allah ya sa ya tafi da biro."

Mun gode, Baba Dogo. Allah ya sanyaya gwiwar nan, ya saka maka da abin da ba mu isa mu ba ka ba. Mu kuma da muka iya yi wa mai ciwo zobe muna salati, ƙofar horo a buɗe take, waya kuma tana aljihunmu. A je a koya, a duba kada ta tsallaka, in ta yi kuwwa a amsa. Man birki kuwa, a bar wa tirela abinta.