Ƙofar Doguwa Gida Biyu

Kamfanin jigilar kaya ya yanka wa Mai Doguwa ƙofar motarsa gida biyu, ya caje shi kuɗin kaya biyu, sannan ya ɗora masa kuɗin yanka a kai. Abin da aka yi ke nan, kuma har yau ba wanda ya tako ƙafa ya ce masa sannu.

Doguwa ita ce motar. Tsohuwa ce mai dogon baya, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi rabin direbobin da ke kan titi yanzu. A wajen ubangidansa ya same ta, mutumin da ya yi wa tuƙi tun yana saurayi. Da ƙarfin mutumin ya ƙare, sai ya miƙa masa makulli ya ce sallamarsa ke nan. Matarsa, Uwar Biyu, a bayan motar nan aka kwantar da ita ranar da naƙudar tagwaye ta zo mata da gardama. Tun daga ranar unguwa ta gane cewa akwai motar da mutum zai miƙe a ciki sosai ba tare da an naɗe masa ƙafa ba.

Haka sana'a ta same shi, ba shi ya neme ta ba. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako, ya ɗora katifa mai rigar leda, ya kafa ƙugiya a rufi don rataye ledar ƙarin ruwa. Mai karaya, mai naƙuda, tsohon da jikinsa ya shanye, wanda aka yi wa aiki aka sallamo, duk Doguwa ce. Motar asibiti ba ta shiga lungunsu, ko ta yarda ta shiga ma, wa zai iya da ita? Shi kuwa ya san kowane rami tsakanin unguwa da ƙofar asibiti, yana lallaɓa motar yana ba mara lafiya labari don ya mance da ciwo. Uwar Biyu ke wanke zannuwan. Takan ce idan ta yi tari cewa yake ta sha ruwa, amma Doguwa na yin tari zai ture kwanon abinci ya fita da sifana.

Wata babbar motar kayan gini ce ta yi baya a bakin asibiti ta murƙushe ƙofar bayan Doguwa. Direban ya fito ya ɗora hannu a ka, ya yi ta rantsuwa, aljihunsa ba komai sai rantsuwar. Ƙanin Uwar Biyu mai walda ne, shi aka kira. Ya zagaya ƙofar, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can.

"Yaya, wannan kam ta riga mu gidan gaskiya," ya ce. "Saura mai ita."

"Kai za ka riga ni, da wannan hayaƙin da kake sha kullum. Gyaruwa za ta yi ko a'a?"

"Ba za ta yi ba. Sai dai wata."

Wata kuwa babu. Sun bi kasuwar kayan mota rumfa rumfa, ana yi musu dariya. Wani ya ce ai irin wannan motar yanzu masu kuɗi ke sayenta su ajiye don ado, suna goge ta da hankici, shi ya sa ko murfin tayarta ya zama zinariya. Mai Walda ne ya yi ta lalube a waya har ya gano wani dattijo a wata ƙasa mai nisa, yana da fili cike da tsofaffin motoci. Akwai ƙofar a wajensa, lafiya lau, da gilashinta, da makullinta, da robar da ke zagaye da ita. Da dattijon ya ji aikin da motar ke yi, cewa ya yi ya bayar kyauta, su dai su biya kuɗin kawowa. Mutumin da bai taɓa ganin fuskarsu ba ke nan. Sai a riƙe wannan a rai kafin a ji abin da kamfani ya yi.

Uwar Biyu ta bi mijinta ofishin kamfanin jigilar, don ta san shi, ko an zalunce shi godiya zai yi. Ɗaki ne mai sanyi, da doguwar kanta, da sikeli a gefe, da wani ma'aikaci mai tef ɗin awo rataye a wuya kamar tela. Mai Doguwa ya faɗi nauyin ƙofar da murnarsa, don ba ta da wani nauyi, mutum biyu ke ɗaga ta.

"Baba, ai yanzu ba nauyi muke dubawa ba," in ji ma'aikacin. "Girma muke aunawa. Tsawo, faɗi, kauri na akwatin."

"To ai akwatin rabinsa iska ce," Uwar Biyu ta ce.

"Iskar ma wuri take ci a jirgi, Mama."

"Wato iskar ƙasarsu za mu saya. Tamu ta ƙare ne?"

Ya yi murmushin da aka koya masa, ya faɗi kuɗi. Suka fito.

Daga nan aka shiga tsere tsakanin tsoho da farashi. Ya haɗa abin da aka ce, ya koma, a ce kuɗin mai ya tashi. Ya sake haɗawa, a ce tashar jirgi ta ƙara nata. Ya sake, a ce an fito da sabon kuɗi na kaya mai wuyar ɗauka. Duk wannan lokacin Doguwa na tsaye a ƙofar gida da buhu a bayanta, ba aiki, mutane na zuwa suna komawa. Yana da injin ajiya da ya ɓoye a ɗaki shekara da shekaru, a naɗe cikin tsohon bargo, don ranar da na cikin motar zai gaza. Uwar Biyu ta sha yin tuntuɓe da shi tana tsaki. Ranar da ya sayar da shi aka zo ɗauka, ita ce ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, don ba ta son ganin fuskar mijinta.

Ya kai kuɗin injin. Aka ce farashi ya sake motsawa.

A nan ne ma'aikacin ya sunkuyo kan kanta kamar mai yi musu alfarma. Ya ce ƙofar ta wuce ma'auninsu da kamar taki ɗaya ne kawai, shi ya jefa ta layin manyan kaya. Idan aka raba ta biyu aka haɗa a akwati ɗaya, za ta dawo layin ƙanana. Suna da masu yanka a can.

Mai Doguwa ya ji kamar an ce a yanke masa hannu don riga ta shige shi. Amma ya kai maganar wajen surukinsa.

"Za ta yiwu," Mai Walda ya ce, "in an yanka a inda ya dace. Ka ga wannan layin da ke ƙasan gilashi? A kwance za a bi shi, daga nan zuwa nan. Gilashi ya zauna a rabin sama, makulli ya zauna a rabin ƙasa. In haɗa maka, ko kai da ka aure ta ba za ka gane ba."

Ya ɗauki alli ya ja layin a jikin matacciyar ƙofar, ya ɗauki hoto. Suka kai ofis, Uwar Biyu ta sa ma'aikacin ya kalli hoton a gabanta, ta sa ya maimaita da bakinsa: a kwance, ƙasan gilashi. Ya ce an gani, an tura.

Kwali biyu suka iso, ba ɗaya ba. A tsaye aka yanka ta, daga sama har ƙasa, ta tsakiyar makulli, don haka ne ya dace da kwalayen da suke da su. Robar an datse ta. Gilashin kuwa, tunda ba ya yankuwa, an cire shi an bar shi can. Da Uwar Biyu ta tambaya, aka ce gilashi kaya ne na daban, in suna so a auna musu. Kuma tunda kwali biyu ne, kowanne da kuɗinsa, ga ladan mai yanka, kuma kowace rana da kayan suka ƙara a sito akwai kuɗin ajiya.

"Wa ya ce ku yanka a tsaye?" ta ce.

"Mama, ni ba ni na yanka ba. Can ne."

"Can ɗin ba ku ba ne?"

"Reshe daban ne."

"Amma wajen karɓar kuɗi reshe ɗaya ne."

Mijinta ya taɓa mata hannu. Ya biya. Har godiya ya yi, kamar yadda ta sani.

Mai Walda bai yi wasa ba a wannan karon. Ya kwantar da rabi biyun a kan benci, ya daidaita, ya ɗiga wuta kaɗan kaɗan yana jira ta huce, don ƙarfen siriri ne, zafi na yi masa yawa sai ya karkace. Duk da haka ya karkace. Ya buga, ya ja, ya cike, ya shafa fenti, ya sa farar roba mai kauri a gurbin gilashi, ya yi mata sakata irin ta ƙofar shago. Daga nesa ƙofa ce. Daga kusa, a gefen ƙasa, akwai tazarar da yatsa ke shiga.

"Yaya, iyakar ƙoƙarina ke nan," ya ce, bai ɗago ba.

"Ka yi, ƙanina. Ka yi."

Wadda aka fara ɗauka wata tsohuwa ce maƙwabciyarsu mai sayar da tsintsiya, mai ciwon asma. 'Yarta ba ta nan, sai Uwar Biyu ta shiga baya ta zauna kusa da kanta. Mai Doguwa ya sa wankakkiyar riga, yana tuƙi yana ba da labari kamar da. Ba su yi nisa ba Uwar Biyu ta ji wari. Ta ɗauka na titi ne. Sai idonta ya fara yaji, sai ta ga tsohuwar ta daina amsa labarin, ƙirjinta na shiga yana fita, bakinta a buɗe. Hayaƙin motar ne. Yana fita ta ƙasa, iska na naɗo shi, yana dawowa ta tazarar nan daidai inda kan mara lafiya yake. Aikin da robar da aka datse take yi ke nan duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa gode mata.

Ta doki jikin motar da tafin hannu. "Tsaya. Baban Biyu, tsaya, kashe ta."

Ya tsaya, ya zagayo, ya zare sakata, hayaƙi ya fito ya same shi a fuska. Shi da kansa ya tare ƙaramar tasi, shi ya ɗauki tsohuwar ya naɗe ta a kujera tana nishi, a zaune, abin da ya yi shekaru yana hana a yi wa marasa lafiya. Allah ya taimaka, ta rayu. Mai Walda ya ce a cusa tsumma, a liƙa roba, a karkatar da bututun hayaƙin. Sun gwada duka. Mai Doguwa ya kwanta a kan katifar da kansa, ya sa surukinsa ya ja motar. Da suka dawo ya fito idonsa jajir, ya naɗe katifar ya shigar da ita gida.

"Ba zan kwantar da ɗan kowa a nan ba," ya ce.

Mota ba aiki, ba injin ajiya, ba abin da za a sake sayarwa a nemo wata ƙofa, wadda ita ma sai an auna iskarta. Wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya daɗe yana zagaya lungun yana gaisuwa. Aka kira shi. Mai Doguwa ya fara yi masa bayanin tsawon motar, da yadda mutum ke miƙewa a ciki.

"Baba, ni ba ruwana da girma," ɗan gwangwan ya ce. "Nauyi nake saye."

Uwar Biyu ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Wajen biya an auna musu girma, wajen karɓa an auna musu nauyi. Ko ta ina aka juya ma'auni, kansu yake faɗowa.

Mai Doguwa ya sayar masa da motar, ƙofar kaɗai ya hana. Ya kwance ta da hannunsa, tana nan jingine a bango kusa da inda Uwar Biyu ke shanya, da tabon walda daga sama har ƙasa. Har yanzu ana zuwa. Kwanan nan da hantsi wani ya zo a guje, mahaifinsa ya faɗi a banɗaki ƙugu ya goce, yana tambayar Doguwa. Mai Doguwa ya fita ya taya su ɗaukar tsohon a kan tabarma har bakin titi.

To, ku masu kamfani, ga abin da ake nema a wajenku, kuma ba roƙo ba ne. Ku mayar wa mutumin nan kuɗin kwali biyun, da ladan yanka, da kuɗin ajiya, don ba abin da ya ce a yi kuka yi ba, hoton allin yana nan a wayarku. Ku daina sauya farashi tsakanin zuwan mutum da dawowarsa. Ku rubuta a bakin ofishinku da manyan baƙaƙe cewa har iska kuke sayarwa, don talaka ya sani kafin ya sayar da abin da ya ɓoye. Sannan ku turo babbanku, ba yaron kanta ba, ya zo lungun nan ya tsaya gaban ƙofar, ya sa yatsansa a tazarar, ya faɗa wa Mai Doguwa wane reshe ne zai kai marasa lafiyar unguwa asibiti a kwance.