Yanka na Shida

Mu biyar ne a saman benenmu na unguwar Madinat Nasr ran nan: ni, da ɗana mai karatu, da matarsa da cikinta wata bakwai, sai maƙwabcinmu ɗan China da suke aji ɗaya da ɗana, da tasa matar. Su suka gayyace mu bayan magariba, wai bikin kaka ne a ƙasarsu, ranar da wata ya cika. Musulmi ne, na sha jin tilawar mijin ta bango. Amma ni watan azumi na sani da na salla. Ban taɓa ganin an shimfiɗa wa wata tabarma ba.

Matar maƙwabcin ta fito da wani kek zagayayye mai zane kamar hatimi, ta yanka. Na ƙirga, shida. Ta miƙa wa kowa ɗaya, na shidan ta sa a faranti shi kaɗai, ta ajiye ta gefen da wata ke fitowa. Na ga irin wannan ajiyar a gindin tsamiya a ƙauyenmu, na kuma san wanda ake ajiye wa.

Surukata ta kai nata baki. Na damƙe hannunta.

"Ajiye. Ba da jikana a cikinki ba."

"Inna, suna kallonmu fa," in ji ɗana ƙasa-ƙasa.

"Su kalla. Tambayi matar nan, wancan na wane ne?"

"Haba Inna."

"Ba Larabci ka zo koya ba? Tambaye ta."

Ya tambaya. Matar ta ɗauko waya ta nuna mini hoton wata tsohuwa sa'ata da baƙin ɗankwali. Mahaifiyarta ce, shekara uku ba su haɗu ba. Ɗana ya ce a wurinsu ana yanka wa kowa na gida rabonsa, har wanda yake nesa.

Na saki hannun surukata.

"Ma'alish, ya Hajja," in ji matar. Ita ke ba ni haƙuri! Ita da ke leƙo surukata kullum in ɗana ya tafi makaranta. In ta daina, wa muke da shi a benen nan? Nawa yankan na kasa ci, na ƙulle a bakin mayafi.

Da asuba na kwance shi na ci da shayi. Na surfa wake, na soya ƙosai, na kasa uku a faranti: nata, na mijinta, na tsohuwar. Ban aiki kowa ba. Da kaina na je na ƙwanƙwasa ƙofar.