Kwana Tara Ne Tsakaninsu

Kwana tara ne tsakanin haihuwata da ta maƙwabciyata. Ita ta riga ni, ta samu mace, haihuwarta ta huɗu ke nan. Ni na samu namiji, ɗan fari. Dangar kara ce kawai ta raba gidajenmu, a unguwar da iyayen mazajenmu suka zauna bayan ruwan Tiga ya ci tsohon garinsu. Maza su tafi kamun kifi, mu kuma mu yi banda. Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata.

Ban san komai game da jariri ba, ita ta koya mini. Da yake 'yarta ce gaba, abin da yarinyar ta yi a wannan mako shi nake jira daga nawa a mako mai zuwa. Ta fara bin mutum da ido, shi ma ya fara. Ta fara murmushi in an yi mata wasa, ba a daɗe ba ya yi wa surukata. Wajen wata uku wuyanta ya tsaya, nawa kuwa kansa sai langaɓewa yake in na goya shi.

"Yaya, ko dai akwai wani abu?" na tambaye ta.

Ta karɓe shi ta kifa a tabarma. Ya yi ta nishi, ya tokare da hannuwa, ya ɗago kai yana kallonmu kamar wanda aka yi wa laifi.

"Ga shi nan," in ji ta. "Kan ne babba, irin na ubansa. Ki riƙa kifa shi haka in ya farka, ki kwantar da hankalinki."

A gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Ranar da ya fara juyawa da kansa surukata ce ta yi guɗa, ni ina gaban murhu ina juya karfasa, na yi kamar ban gani ba. Alhali na gani, har yadda hannunsa ɗaya ya maƙale a ƙarƙashinsa yana ƙoƙarin zaro shi.

Da suka kai wata shida muka fara girka su a baho, mu kewaye su da tsummoki. A nan ya wuce ta. Ya zauna daram, ita tana ta tuntsurewa. Haƙoransa biyu na ƙasa suka leƙo. A wajen awo a Bebeji ma'aikaciyar ta ɗora shi a sikeli ta ce ya ninka nauyinsa na haihuwa har ya ɗora. Na dawo gida ban faɗa wa kowa ba, sai murna a ciki.

Yana wata takwas ya fara durƙusawa a kan hannuwa da gwiwoyi, yana lilo gaba da baya, ya rasa yadda zai ɗaga hannu ɗaya. Yaya ta ce saura ƙiris. A makon ne, tsakiyar damina, zazzaɓi ya kama shi. Muka ba shi magani kwana biyu, a na uku da hantsi ya fara sanƙarewa. Maigidana ya ɗauko babur, na hau da shi a bayana. Hanya duk taɓo. Kafin mu kai kwalta na ji nauyinsa ya sake. Ban ce komai ba sai da muka tsaya a ƙofar asibiti.

Bayan an share makoki na koma banda, don kifi ba ya jira. Ta cikin danga ina jin yayyen yarinyar suna yi mata tafi, suna cewa ta yi rarrafe. Sai kuma na daina jin komai. Yaya ta hana su. In na shiga gidanta sai ta sa a wuce da yarinyar ɗaki, ta hau yi mini hirar tsadar itace.

Wata rana da la'asar ina zaune ina ɓare ɓawon kifi, na ji an dafa gwiwata. Yarinyar ce, ta biyo ta kafar da kaji ke bi, duk ta yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ta kama zanena da hannu biyu, ta ja, ta miƙe tsaye, ƙafafunta suna rawa. Ban san ta kai nan ba. Na riƙe ta a kwiɓi don kada ta faɗi, hawaye suna zuba a kanta, ita tana wasa da ɗankunnena.

Yaya ta shigo da sauri tana nemanta, ta tsaya turus.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Na juya baya ne kawai."

"Yaya, ki daina ɓoye mini ita," na ce. "Ta wajenta kaɗai zan san inda ya kai."

Ta zauna a ƙasa kusa da ni.

Da maigidana ya dawo daga ruwa na ba shi labari. Ya tashi ya nufi rumbu. Ya fito da keken koyon tafiya na katako, mai ƙafa uku, sabo, ko ƙasa bai taɓa takawa ba. Ashe tun yaron yana koyon zama ya sa wani kafinta a Kwanar Dangora ya yi masa, ya ɓoye yana jiran lokaci.

"Na so in sa shi a wuta," ya ce. "Na kasa."

Ya goge shi da bakin rigarsa, ya murza ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya ga suna juyawa.

"Ke za ki kai mata, ko ni?"

Na ce ya bari sai da safe, ni zan kai.